Jaka A Baya, Teku A Hagu: Ladubban Tafiya Da Haƙƙin Abokin Tafiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kewaye ta da ruwa, Ya sanya wa teku iyakar da ba ya ƙetarewa sai da izininSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga shehunnanmu, Ya amfane mu da albarkarsu.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai tambayar da ta yawaita daga matasan zawiyoyinmu na Damagaram. Idan mutum ya je Maulidi a Madina Baye, aka watse, kuma yana da 'yan kwanaki kafin motar komawa gida, shin ya halatta ya saɓa jakarsa shi da abokinsa su je su ga teku? Wasu dattawa suna ganin wannan zubar da ladan ziyara ne. Wasu samari kuma suna ganin ba abin tambaya ba ne ma, tunda kuɗinsu ne kuma ƙafarsu ce.

Amsa a taƙaice ita ce ya halatta, kuma yana iya zama ibada. Amma ni na taɓa yin wannan tafiya, kuma abin da na dawo da shi ba shi na je nema ba. Don haka zan ba ku amsar tare da labarin, ko Allah Ya sa wani ya tsira daga kuskuren da na yi.

Mutumin Damagaram a gaban teku

Mu mutanen tudu ne. Wanda ya tashi a Birni ko Zango ya san duwatsu, ya san rairayi, ya kuma san darajar ruwa fiye da yawancin mutane, domin ya taɓa jiran layi a bakin famfo da bazara, ya taɓa cinikin jarka da mai ruwa. Babban ruwan da da yawa cikinmu suka taɓa gani bai wuce tafkin Gidimuni ba, ko kogin Kwara ga wanda ya je Yamai.

Ni da abokina haka muke. Tare muka yi makarantar allo, shi ya zama tela, ni na ci gaba da karatu. Shekarun baya muka tafi Kaulaha ta mota: kilomita kusan 900 daga Zinder zuwa Yamai, daga nan Wagadugu, Bamako, Kayes, Tambakunda, har garin Shehu Ibrahim Inyass, Allah Ya ƙara masa yarda, inda ya kafa Madina Baye a shekarar 1930. Da aka kammala Maulidi sai ya zama muna da kusan mako guda a hannu. Muka haɗa kuɗinmu wuri ɗaya a wata 'yar jakar fata, kowa ya ɗauki jakar goyonsa da darduma da buta, muka shiga mota ta Fatik har wani garin masunta da ake kira Joal. Niyyarmu mu taka da ƙafa ta bakin ruwa daga Joal zuwa Mbour, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 30, sannan mu shiga mota zuwa Dakar.

Ba zan manta da ganin farko ba. Tun kafin mu ga ruwan muka ji ƙugin sa. Da muka ɓullo ta tsakanin kwale-kwalen masunta sai ga shi, babu gaɓar can, sama ta haɗu da ruwa. Abokina ya tuɓe takalmi, ya kamfato ruwan ya kai baki, ya tofar, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Malam, duk wannan ruwa, ba a shan ko moɗa ɗaya!" Na ce masa ba a sha, amma ana alwala da shi. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, game da masu shiga jirgi da ɗan ruwan sha kaɗan, sai ya ba su fatawa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, kuma abin da ya mutu a cikinsa na dabbobinsa halal ne. Nan take muka yi alwala da Tekun Atlantika.

Da muka tashi tayar da salla sai muka ga wani abu. Gaɓar Senegal tana fuskantar yamma, alƙibla kuwa tana gabas. Ke nan duk wanda zai yi salla a wannan gaɓa dole ya juya wa teku baya. Ka yi tafiyar kwanaki don ka gan shi, amma sau biyar a rana sai ka ba shi ƙeya ka fuskanci Ɗakin Ubangijinsa. Wannan kaɗai ya isa ma'auni ga mai yawon buɗe ido: idan abin da kake kallo ya yi maka girman da ba ka iya juya masa baya lokacin salla, to kallon ya zama hijabi tsakaninka da wanda Ya halicce shi.

Niyya tana shiga har cikin hukunci

Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da yawa da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba: a duba yadda aka fari halitta, a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Magabatan Sufaye suna kiran irin wannan tafiya siyaha, kuma da yawansu sun yi ta. Don haka ganin teku da duwatsu da kufan mutanen da ba abin zargi ba ne a kan kansa.

Sai dai malamanmu na Malikiyya ba su bar maganar niyya ga masu wa'azi kaɗai ba, sun shigar da ita cikin fiƙihu. Ƙasaru, wato mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, sunna ce mai ƙarfi ga wanda ya nufi tafiyar mil 48, kimanin kilomita 80, kuma tana yankewa idan ya yi niyyar zaman cikakkun kwanaki huɗu a wuri ɗaya. Amma Shehu Khalil a Mukhtasar ɗinsa ya fitar da mutum biyu daga wannan sunna: wanda tafiyarsa ta saɓo ce, da wanda tafiyarsa ta wargi ce tsantsa. Ku duba, ya 'yan'uwa. Mutum biyu suna iya hawa mota ɗaya, su sauka tasha ɗaya, su tsaya a gaɓa ɗaya, amma Shari'a ta yi wa ɗaya rangwame ta janye wa ɗaya, saboda abin da kowa ya ƙudurta a zuciyarsa. To kafin ka ɗaure jaka, ɗaure niyya. Ka ce wa ranka: zan je in ga ikon Allah, in huta don in ƙara ƙarfin ibada, in faranta wa ɗan'uwana.

Na san duk wannan kafin mu tafi. Niyya na gyara ta, salla ban bari ta wuce ba, lazimi safe da yamma bai kuɓuce mini ba. Da a ce waɗannan ne kaɗai jarrabawar tafiya, da na ci. Inda na faɗi wani wuri ne daban.

Jakar da aka manta

Ranar farko muka ƙetara gadar katako zuwa tsibirin Fadiouth, wanda ƙasarsa duk ɓawon ƙumba ce da aka tara shekara da shekaru, sannan muka kama hanya muka miƙa arewa, teku a hagunmu. Tafiya a kan rairayin bakin ruwa ba kamar tafiya a kan hanya ba ce, ƙafa nutsewa take. Kafin yamma takalmina ya ci mini dunduniya, ta yi ƙuna ta fashe. Washegari da safe abokina bai ce komai ba, ya ɗauki jakata ya haɗa da tasa, ɗaya a baya ɗaya a ƙirji. Na yi ɗan musu na kunya, na bar masa.

Da azahar muka raɓe a inuwar wani kwale-kwale da aka jawo kan tudu, muka yi salla, muka ci dabino da ƙuli-ƙulin da muka zo da su daga gida, muka ɗan rintsa. Muka tashi muka ci gaba. Sai da muka yi tafiyar kusan sa'a biyu, muka ga mai sayar da ruwan sanyi, abokina ya laluba aljihu, sai na ga fuskarsa ta canja. Jakar kuɗin tana can inda muka yi salla. Ya ciro ta lokacin alwala ya ɗora a gefen jirgin, da ya tashi hankalinsa ya tafi kan ɗaura jakunkuna biyu. Kuɗin motarmu zuwa gida duk yana ciki.

Ya 'yan'uwa, carbi yana hannuna lokacin da na buɗe baki. Na ce masa, "Tun muna allo haka kake. Ba a ba ka amana." Ya dube ni, bai ce uffan ba. Ya gyara jakunkunan biyu a kafaɗa ya juya. Muka koma ta inda muka fito, shi a gaba ni a baya, babu mai magana. Ruwa ya cika ya shafe sawunmu na ɗazu. Rana tana gangarawa cikin teku, launin da ban taɓa gani ba, amma ban ga komai ba, domin zuciyata tana lissafin jikka nawa ce a cikin jakar.

Dab da magariba muka isa. Wani tsoho yana zaune a gindin jirgin yana ɗinkin koma. Da ya hango mu sai ya ɗaga jakar sama. Tun la'asar ya tsince ta, ya ga shaidar goshi biyu a kan rairayi, ya ce a ransa masu salla za su dawo, ya zauna jira. Muka ƙirga, ko dala ba ta ɓata ba. Muka ba shi tukuici ya ture hannunmu. Ya ja mu gidansa, aka kawo shinkafa da kifi. Ba ma jin yarensa, ba ya jin namu, sai jikansa ɗan lakwal da ke fassarawa da Faransanci tsakaninsa da abokina.

Bayan isha tsohon ya ɗauko hoton wani saurayi. Ɗansa ne. Ya shiga kwale-kwale da wasu samari za su tsibiran Kanariya na ƙasar Sifen, tafiyar kusan kilomita 1,500 a kan buɗaɗɗen teku, kuma tun daga ranar babu labari. Ya ce shi ya sa ba ya iya tashi ya bar abin da wani ya manta: wanda ya san jira ba ya so wani ya dawo ya tarar babu kowa. Ya roƙe mu addu'a. Muka yi, muna tuna samarinmu da ke bin hanyar Agadas zuwa Libiya, waɗanda iyayensu ke zaune irin wannan zama a unguwanninmu.

Da muka kwanta na ce wa abokina, "Alhamdu lillahi, jaka ta dawo." Ya yi shiru har na zaci ya yi barci. Can ya ce, "Jaka ta dawo, Malam. Maganar fa?"

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Mutumin da na ce ba a ba shi amana, kayana ne a ƙirjinsa tun safe. Nauyina ne ya mantar da shi. Na tashi zaune na roƙe shi gafara, ya yafe, domin shi mai yafiya ne. Amma magana zarar bunu ce. Har yau idan na tuna Joal, ba ruwan nake fara tunawa ba.

Annabi Musa da yaronsa a bakin teku

Abin da ya ƙara mini kunya shi ne, labarin da ya dace da wannan hali ina karanta shi kowace Juma'a. A cikin Suratul Kahfi, daga aya ta 60 zuwa ta 82, Allah Ya ba mu labarin tafiyar Annabi Musa, Alaihis salam, tare da yaronsa Yusha'u ɗan Nun, suna neman mahaɗar tekuna biyu. Imamul Bukhari ya ruwaito dalilin tafiyar: an tambayi Annabi Musa wa ya fi kowa ilimi, ya ambaci kansa, sai Allah Ya sanar da shi akwai wani bawa a mahaɗar tekuna biyu da yake da ilimin da shi ba shi da shi. Aka umarce shi ya riƙi kifi a cikin kwando, inda kifin ya ɓace nan zai sami bawan.

Suka huta a gindin wani dutse, kifin ya fita ya kama hanyarsa cikin ruwa. Yusha'u ya gani, amma ya manta bai faɗa ba. Suka wuce. Sai da gajiya ta kama su, Annabi Musa ya nemi a kawo abinci, sannan yaron ya tuna ya ba da labari.

Ku tsaya nan, ya 'yan'uwa. Aiki guda aka ba wannan saurayi, ya lura da kifin. Ga gajiya, ga yunwa, ga tafiyar da aka yi ta wuce wuri. Annabi Musa kuwa an san shi da zafi a kan gaskiya. Amma bai yi masa faɗa ba, bai tono masa laifin baya ba. Ya sanar da shi cewa wannan wurin da aka yi mantuwar shi ne abin da suke nema, suka juya suna bin sawunsu, suka tarar da Sayyidina Halliru a can.

Wurin da abokin tafiya ya yi kuskure, nan aka ajiye ilimin. Da Annabi Musa ya tsaya zargi, da an ɓata lokaci a kan kifi alhali malamin yana jira. Ni ban ce tsohon masuncin nan Halliru ba ne, bawan Allah ne mai amana kawai. Amma da abokina bai manta jakar ba, da mun wuce shi ba mu san da shi ba, da kuma na koma Damagaram ina ganin kaina mai haƙuri. Mantuwarsa ce ta kai ni wurin darasi biyu: amanar tsoho da kaifin harshena.

Malaman lugga sun ce an kira tafiya safar a Larabci domin tana yaye lulluɓi daga halin mutum. An kuma ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani a gaban Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, sai ya tambaye shi ko ya taɓa tafiya da shi, ko maƙwabtaka, ko cinikin kuɗi. Da ya ce a'a, sai ya nuna masa cewa bai san shi ba tukuna. A zawiya kowa salihi ne, domin an ƙoshi, an yi wanka, ana zaune a inuwa. Wuridi yana nuna amfaninsa ne ranar da ƙafa ta kumbura, kuɗi ya ɓace, kuma wanda ya jawo ɓatan yana tsaye a gabanka.

Guzuri a wuya

Sahabbai ma sun yi tafiyar bakin teku da kaya a jiki. Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ba da labarin rundunar da Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya tura wajen gaɓar Bahar Maliya ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah. Su 300 ne, suna ɗauke da guzurinsu a wuya. Da guzuri ya yi ƙasa, Abu Ubaida ya sa aka tattara abin da ya rage wuri ɗaya, yana raba musu kaɗan kaɗan, har ta kai kowa dabino ɗaya yake samu a wuni. Aka tambayi Jabir me dabino ɗaya zai yi wa mutum, ya nuna cewa sun san amfaninsa ranar da shi ma ya ƙare. Suka koma cin ganyen itace. Sannan teku ya jefo musu wani ƙaton kifi da ake kira Anbar, suka ci daga gare shi kusan rabin wata. Abu Ubaida ya sa aka kafa ƙasusuwan haƙarƙarinsa, mahayi ya wuce ta ƙarƙashi. Da suka koma Madina suka kai wa Manzon Allah wani abu daga naman, ya ci.

Mutane sun fi son ɓangaren kifin, amma ni ɓangaren dabinon ya fi tsaya mini. Mutum 300 cikin yunwa, kowa ya fito da abin da ke jakarsa ya miƙa wa shugaba, mai yawa da mai kaɗan suka zama ɗaya. Buɗi ya zo ne bayan an haɗa guzuri an yi haƙuri da juna. Mu biyu ne kawai, cikinmu a ƙoshe, amma 'yar jaka ɗaya ta kusa raba zumuncin shekara talatin.

Abin da ido zai ɗauka, da abin da zai bari

Bayan Mbour akwai unguwannin otal-otal inda baƙi daga Turai ke kwanciya a rana kusan tsirara. Mai tafiya a bakin ruwa zai ratsa irin waɗannan wurare. Hukuncin runtse ido bai canja don an bar gida ba, kuma kallo ta wayar hannu da sunan ɗaukar hoto shi ma kallo ne. Mu dai idan muka hango irin wurin, sai mu hau tudu mu bi titi har mu wuce.

Akwai kuma wuraren da ya kamata ido ya buɗe sosai. Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar, tafiyar kusan minti 20 ce zuwa tsibirin Gore, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. A can akwai gidan da ake kira Gidan Bayi, da ƙananan ɗakuna masu duhu da wata ƙofa da ke buɗewa kai tsaye kan teku. Mutane suna tsayawa a ƙofar suna ɗaukar hoto suna murmushi. Abokina ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Malam, mu ma fa an yi a garinmu." Gaskiya ya faɗa. A ƙarni na 19 Damagaram babbar matattara ce ta ayarin da ke ratsa Sahara zuwa Tarabulus, kuma cikin abin da aka yi fatauci har da bayin Allah. Wa'aztuwa ta gaskiya ita ce wadda ke komowa kanka. Wanda ya ga kufan zalunci ya tsine wa wasu kawai ya wuce, bai ɗauki rabonsa ba.

Shi kansa tekun ba abin wasa ba ne. A watan Satumba na 2002 jirgin Joola ya kife tsakanin Ziguinchor da Dakar, mutum fiye da 1,800 suka rasu. Wannan babban jirgi ke nan. Ɗan tudu da bai iya iyo ba kada ya wuce inda ruwa ke taɓa idon sawu, domin igiyar da ta taɓa ka a hankali tana iya janye rairayin da kake tsaye a kai. Jefa kai cikin halaka ba tawakkali ba ne.

Nasiha ga mai shirin tafiya

Na farko, nemi izinin iyaye, ka sanar da muƙaddaminka, ka kuma tambayi halin hanya, domin hanyoyin da muka bi a da ba duka suke da aminci yau ba.

Na biyu, zaɓi abokin da zai tashe ka asuba, kai ma ka zama irinsa. Idan kun kai uku ku naɗa ɗaya shugaba kamar yadda sunna ta koyar. Ko ku biyu ne, ku yarda tun a gida wa ke yanke magana idan an saɓa.

Na uku, ku yi maganar kuɗi ƙarara kafin ku tashi. Niger da Senegal sefa ɗaya suke kashewa, don haka lissafi ba wuya. Ku haɗa na abinci da masauki, amma kuɗin komawa gida ku raba shi biyu, kowa ya ɗinke nasa a jiki. Kada a ɗora wa mutum ɗaya kaya da kuɗi gaba ɗaya sannan a zarge shi.

Na huɗu, lokacin salla na garin da kake ne. Agogon Senegal yana bayan namu da sa'a ɗaya, amma rana tana faɗuwa a Dakar kusan sa'a ɗaya da minti 45 bayan ta faɗi a Zinder. Bi ladanin wurin, ko ka dubi rana.

Na biyar, kada wuridi ya zama abin da ake yi idan an gama yawo. Yi lazimin safe kafin ka saɓa jaka. Wanda lalura ta sa ya yi taimama, ya san cewa a wazifa Salatul Fatihi 20 yake karantawa a madadin Jauhara.

Na shida, kuma shi ne dalilin wannan rubutu: abokinka zai yi kuskure. Zai manta wani abu, ko ya ɓatar da hanya, ko ya makara ku rasa mota. Shirya wa wannan lokaci tun yanzu kamar yadda kake shirya guzuri. Idan ya zo, yi shiru gwargwadon istigfari goma kafin ka yi magana, ka tambayi kanka me yake ɗauke da shi nawa, sannan ku juya tare. Kada ka tono abin da ya wuce.

Wanda Allah bai ba shi ikon zuwa teku ba bai rasa komai daga wannan ba. Tafiya zuwa Mirya ko Gidimuni, ko hawan duwatsun Birni da yamma tare da ɗan'uwa, duk ladubbansu ɗaya ne. Mata da miji ma abokan tafiya ne, haka abokan sana'a, haka waɗanda ke zama sahu ɗaya a wazifa shekara da shekaru.

Abokina yana nan a shagonsa. Ya ajiye wani ɓawon ƙumba da ya tsinto a Joal a kan kekensa na ɗinki, yana zuba allurai a ciki. Bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Ni ne na nemi izininsa in rubuta, ya ce in rubuta, amma in roƙa wa tsohon nan da ɗansa addu'a wurin 'yan'uwa. To ga shi na isar.

Ya Allah, Ka haɗa kowane mai jira da wanda yake jira. Ka jiƙan waɗanda teku da Sahara suka ci daga cikin 'ya'yanmu. Ka tsare matafiyanmu a tudu da ruwa, Ka tsare harsunanmu daga cutar da waɗanda ke ɗauke da nauyinmu, Ka sa mu cika da imani. Allah Ya yi daɗin tsira ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.